Bashin da ban biya ba zai hana ni kiliyarans? Don Allah a ba ni shawara

Abba Baltimore: Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah masu aikin gwamnati da tsofaffin sojojinmu ku taimaka min, abin nan ya hana ni barci. Wani kamfani a Virginia ya ɗauke ni aikin kwamfuta, albashin ya kusa ninka wanda nake samu yanzu, amma sharaɗinsu sai na samu sikiyuriti kiliyarans, wato izinin ganin bayanan sirrin gwamnatin Amurka, matakin Secret. Sun turo min fom ɗin nan SF-86, ina ta cikewa lafiya lau har na iso sashe na 26 na harkar kuɗi, a nan gwiwata ta yi sanyi. Ba zan ɓoye muku komai ba, akwai kiredit kad na wajen dala 6,400 da na daina biya tun lokacin korona da aiki ya tsaya, akwai bil ɗin asibiti dala 2,100 na haihuwar ɗiyata da suka miƙa wa masu karɓar bashi, sai kuma babbar, na tsaya wa wani abokina na sa masa hannu ya ɗauki mota, ya biya wata takwas ya tattara nasa ya nasa ya koma gida, suka zo suka janye motar suka yi gwanjonta suka ce saura dala 11,000 kuma a wuyana take. To in rubuta duka ko in bar wasu? Na motar wlh ba ni na ci ba.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumussalam. Kai ma dai Abba da neman magana. Bashi hanji ne yana cikin kowa, duk Amurka wa ba a bi? Shekara bakwai abu ke yi a kiredit ripot, wato rahoton tarihin bashin mutum, ya faɗi da kansa, naka tun 2020 ne saura ƙiris. Ni dai da ni ne na asibitin kawai zan rubuta, sauran in yi gum. Wa zai tona maka?

Kawu Sojan Ruwa: Ɗan Kurmi ka ji tsoron Allah kar ka kai yaron mutane ka baro. Abba ɗana, shekara 21 na yi a rundunar ruwa, na cike fom ɗin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A cikin takardun da za ka sa wa hannu akwai wadda ka ba su izinin ɗauko kiredit ripot ɗinka, wato ranar da mai bincike zai zauna da kai ripot ɗin na gabansa a buɗe, yana tambayarka ne yana kallon amsar. Kuma fom ɗin ya faɗa ƙarara cewa ka haɗa da bashin da ka tsaya wa wani, ba sai wanda ka ci da bakinka ba. In ka ɓoye ka tashi daga mai matsalar kuɗi ka koma maƙaryaci, kuma ta biyun ta fi wuyar wankewa nesa ba kusa ba. Ƙarya da gangan a fom ɗin tarayya laifi ne da kan iya kai mutum gidan yari har shekara 5, an rubuta shi a jikin fom ɗin.

Ɗan Kurmi: Kawu ni fa ban ce ya yi ƙarya ba, cewa na yi ya manta 😂

Kawu Sojan Ruwa: Mutum kan manta da bil ɗin waya na dala 80, wannan za su yarda. Ba ya manta da motar da aka zo aka janye a ƙofar gida.

Maman Ilham: Abba ƙanena, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kai ladan ma ba ka ci ba amma hannun da ka sa ya ɗaure ka. Bari in ba ka labarina tunda ni abin ya taɓa faɗa min. Ina aiki da wani kamfani mai kwangilar ma'aikatar tsaro, mijina na farko muka rabu ya bar ni da yara biyu da bashin gida da kad uku, shekara biyu ina ganin ambulan ɗin masu bashi ina zuba su a durowar kicin ko buɗewa ba na yi saboda gabana faɗuwa yake. Ranar nan jami'in tsaron kamfaninmu ya kira ni ofis ya miƙo min wata takarda da suke ce wa SOR, wato takardar da ke jero dalilan da suka sa ake shirin hana ka. Sun jero bashi tara ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan mai shi da adadinsa, an ce in amsa kowanne na yarda ko ban yarda ba cikin kwana 20. Na zauna a mota a wajen fakin na yi kuka na ƙoshi. Na nemi a saurare ni gaban alƙalin DOHA, su ne ofishin da ke sauraron irin wannan shari'ar ta ma'aikatan kamfanoni. Abin da ya cece ni shi ne wata bakwai kafin takardar ta zo Allah ya sa na buɗe durowar nan, na kira uku daga cikinsu mun yi yarjejeniya ina biyan dala 75, 50, 120 duk wata ta banki. Na je da fayil guda, takardar saki ta kotu, sitetimen ɗin banki wata-wata na ja layi da biro a kan kowane biya, takardar shaidar na zauna da masu ba da shawara kan bashi. Lauyan gwamnati ya yi ta juya ni a kan sauran shidan, na ce ga tsarina, in na gama wannan sai wancan, ga ranakun. Ban gama biya ba a lokacin, ko rabi ban kai ba, amma aka bar min kiliyarans ɗina.

Abba Baltimore: Allahu akbar. Anti wato ba sai na biya duka ba kafin in tura fom ɗin?

Maman Ilham: A'a. Su ba kamfanin karɓar bashi ba ne, ba ruwansu da ko banki ya samu kuɗinsa. Halinka suke aunawa. So suke su ga ka san da bashin, kana da tsari mai ma'ana, kuma ka fara bin tsarin har an ga sawu. Amma "zan biya in sha Allahu" ba takarda ba ta wuce ko ƙofa.

Injiniya Silver Spring: Bari in ƙara a kan na Maman Ilham don a san inda abin ya samo asali. Akwai ƙa'idar da ake kira SEAD 4, ta fara aiki a watan Yunin 2017, ita duk hukumomin tarayya ke bi. Ta kasa abin dubawa gida 13, daga A zuwa M, na kuɗi shi ne F. Kuma a shari'o'in da DOHA ke wallafawa a intanet babu abin da ya kai F ɗin nan yawan kayar da mutane, ya fi ƙwaya ya fi giya ya fi alaƙa da ƙasar waje. Kowa na iya shiga ya karanta hukunce-hukuncen, ba sunan mutum a ciki. Ni na kwana biyu ina karanta su kafin nawa binciken. Ba wani adadi da aka yanka aka ce in ka wuce shi ka faɗi, ba kuma wani makin kiredit da ake nema. Za ka ga mai bashin dala dubu 100 ya wuce saboda yana biya, mai dubu 8 ya faɗi saboda shekara biyar bai ɗaga waya ba. Abubuwan da ke sassauta wa mutum su ma a rubuce suke: abin ya faru ne da abin da ya fi ƙarfinka kamar rasa aiki, rashin lafiya, mutuwa, rabuwar aure, an yi amfani da sunanka an ci bashi, amma da sharaɗin ka yi abin da mai hankali zai yi bayan nan. Wannan sharaɗin shi ke kama mutane. Korona uzuri ce Abba, amma za su ce to da ka koma aiki fa, me ka yi?

Abba Baltimore: Gsky Yaya ban yi komai ba. Na koma aiki 2021 amma duk abin da ya rage gida nake turawa, mahaifiyata na kan maganin suga ga ƙannena biyu a jami'a.

Injiniya Silver Spring: To ka faɗi hakan yadda yake. Ka kuma sani a sashe na 20 akwai tambaya ko ka taɓa tallafa wa wanda ba ɗan Amurka ba da kuɗi, Hajiyarku da ƙannenka duk sun shiga nan, za ka rubuta kimanin nawa da sau nawa. In kana da fili ko asusun banki a gida shi ma akwai gurbinsa. Ba laifi ba ne, kusan dukkanmu mun rubuta. Sai dai ka shirya wa tambayar da za ta biyo baya, wato kana da dala 400 ta turawa Najeriya duk wata amma ba ka da 50 ta mai binka?

Ɗan Kurmi: To ai ga irinta nan. Wato in bar uwata ba magani in biya bankin da ya fi ƙasarmu kuɗi? Ni wlh tsarin nan zalunci nake ganinsa. Ɗan masu kuɗi da ubansa ya biya masa makaranta ya wuce sumul, talakan da ya yi ta fama shi ne abin zargi. Talauci ya zama cin amanar ƙasa kenan?

Kawu Sojan Ruwa: Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, ba zan musa ba. Na ga yara masu amana da aka jinkirta wa saboda bashin asibiti, raina ya ɓaci. Amma ba daga sama suka tsinci abin ba. Ka san Brian Regan? Tsohon sojan sama ne da ya yi aiki a hukumar da ke kula da taurarin leƙen asiri, nan Maryland yake zaune a lokacin. Bashin kad ya kai masa wajen dala dubu 117, sai ya kwashi takardun sirri ya je ya binne su a dazuzzukan shaƙatawa na Virginia da Maryland, ya rubuta wa Saddam Hussein wasiƙa yana neman dala miliyan 13. A filin jirgin Dulles aka kama shi a watan Agustan 2001, ɗaurin rai da rai aka yi masa a 2003. Kafin shi ga Aldrich Ames na CIA, a 1985 rabuwar aure da bashi suka sha masa kai ya taka da ƙafarsa ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat a Washington ya nemi dala dubu 50, daga nan bai tsaya ba sai da aka kama shi a 1994, mutanen da ya tona wa asiri da dama kashe su aka yi. Wanda bashi ya shaƙe, duk wanda ya miƙo masa igiya kamawa zai yi, ba ya tambayar wa ke riƙe da ɗaya bakin.

Ɗan Kurmi: Mutum biyu cikin miliyoyi Kawu.

Kawu Sojan Ruwa: Haka ne, amma kotun ƙolinsu ta riga ta faɗa tun 1988 cewa ba wanda ke da haƙƙin sai an ba shi kiliyarans, kuma ƙa'idar ita ce in an yi kokwanto to ɓangaren tsaron ƙasa ake rinjayarwa. Ba kotun laifi ba ce da za a ce sai an tabbatar. Kai za ka gamsar da su.

Malam na Bronx: Salamu alaikum. Ina ta karatu ban sa baki ba. Ɗan Kurmi, abin da Turawan nan suka gano ai mu an daɗe da gaya mana. Manzon Allah SAW yana yawan neman tsari daga bashi a cikin salla, aka tambaye shi dalili, ya ce mutum idan bashi ya hau kansa zai yi zance ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Yana cikin Buhari da Muslim. Ka duba muhawarar nan tamu ma, daga maganar bashi ba a yi taku biyu ba aka iso maganar a ɓoye. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Abba, maganar "ba ni na ci ba" ka ajiye ta, wanda ya lamunce shi ke biya, a shari'armu ma haka ne.

Hajiya Zongo: Malam to ruwan da suka ɗora fa? Ni abin da ya sa ban ga laifin wanda ya ƙi biya ba kenan, rabin kuɗin nan riba ce.

Malam na Bronx: Hajiya riba haramun ce ba ja, shi ya sa tun farko ba a so a shiga. Amma wanda ya riga ya shiga ya ci uwar kuɗin, ƙin biya ba ya wanke shi. Ya kira su ya nemi su sauke abin da za su iya saukewa, sau da yawa masu karɓar bashin nan kan yarda da ƙasa da abin da suka rubuta.

Injiniya Silver Spring: Gaskiya ne suna yarda, musamman tsohon bashi da suka saya da araha. Abu biyu kawai: kar ka tura ko sisi sai sun ba ka yarjejeniyar a rubuce, kuma in suka yafe maka dala 600 ko fiye za su iya turo maka fom 1099-C, hukumar haraji IRS na iya lissafa abin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga. Tunda na ambaci IRS, Abba ka cike harajinka na duk shekarun nan? Don wannan ya fi kad ɗin haɗari. Wanda bai cike haraji ba suna ganinsa a matsayin wanda ke neman gwamnati ta amince masa alhali shi bai sauke nata ba.

Abba Baltimore: Alhamdulillah haraji ban taɓa tsallakewa ba. Bashin makaranta ma ina biya tunda aka dawo da biya a Oktoban 2023.

Injiniya Silver Spring: To ka fi mutane da yawa.

Sani Kaduna: Ku yi haƙuri ni ina gida ne, wai wannan kiliyarans ɗin irin wanda ya hana mutum uku zama minista ne a 2023, da majalisar dattawa ta tabbatar da 45 cikin 48 ta ce sauran sai rahoton tsaro?

Kawu Sojan Ruwa: Sunan ne ya zo ɗaya Sani. Na nan izinin ganin bayanan sirri ne, hawa uku, Confidential, Secret, Top Secret, sai ɗan ƙasa ake ba wa, kuma ba ka nema da kanka sai ma'aikata ko kamfani ya gabatar da kai. Kar mu shiga siyasar gida yanzu admin ya kore mu.

Alhaji Mai Tireloli: Abba kar ka wahalar da kanka. Nawa ne duka, dubu 19 da ɗari biyar? Ka shiga adashinmu na Columbus a ba ka ɗaukar farko ka share su rana ɗaya ka huta, ka tura fom fes.

Maman Ilham: Alhaji Allah ya saka da alheri amma a yi hattara. Ko ya biya yau da safe, tambayar fom ɗin ita ce a cikin shekara 7 da suka wuce an taɓa janye maka kaya, an taɓa miƙa bashinka ga masu karɓa, ka taɓa wuce kwana 120 ba ka biya ba. Amsar tana nan e, biya ba ya goge ta. Sannan alƙalan nan ba sa ganin girman biyan da aka yi sai da aka ga aiki zai kuɓuce, sun fi son wanda ya fara tun ba a matsa masa ba. Shi ya sa ma wanda kotu ta sa ake yanka a albashinsa ba sa lissafa masa shi a matsayin ƙoƙarin kansa, haka wanda ya zauna jiran shekara bakwai ta cika abin ya faɗi daga ripot, irin shawarar Ɗan Kurmi.

Injiniya Silver Spring: Ga kuma wata. Kuɗin da ba a san asalinsu ba su ma suna cikin F ɗin. Ames ɗin da Kawu ya faɗa gida ya saya na dala dubu 540 kuɗi hannu da albashin da bai wuce dubu 70 ba, tun daga irin wannan suke sa ido. Mutumin da jiya ba shi da 50 yau ya zube dubu 19, za a ce daga ina? Ka ce adashi, sai ka yi wa Bature bayanin adashi, waye uwar adashi, su waye 'yan zubi, 'yan wace ƙasa ne, ina takarda. Kuma adashin ai wani bashin ne ka ɗauko. Ba haramun ba ne a wurinsu, amma in za ka yi a rubuta komai, zubin ya bi ta banki.

Alhaji Mai Tireloli: Mu shekara 14 muna yi ba takarda ba a taɓa cin sisin kowa ba.

Hajiya Zongo: Alhaji mu mun sani, mai binciken ne bai sani ba 😅 Mu ma susu ɗinmu yanzu littafi muke da shi saboda irin wannan.

Ɗan Kurmi: To shi kenan na janye tawa, kun taru kun yi min rubdugu. Amma ina nan a kan bakana cewa tsarin ya fi matse talaka. Kuma abokin nan da ya gudu ya bar ka da mota, a wane gari yake? Muna da mutane.

Abba Baltimore: Bar shi Ɗan Kurmi, ɗan unguwarmu ne, iyayenmu sun san juna. Na kira shi ya fi sau ashirin, ƙarshe ya ce min wai ai motar sun karɓi abarsu me kuma ake nema.

Kawu Sojan Ruwa: Ka adana saƙonnin da kuka yi da shi, suna nuna ka bi sawu. Sannan ka sani ko an ba ka ba a gama ba. Da can sai bayan shekara 10 ake sake binciken mai Secret, mai Top Secret shekara 5, yanzu kwamfuta ce ke bibiyar mutum kullum, sabon bashi ya faɗa hannun masu karɓa ko kotu ta yi maka hukunci sai ƙararrawa ta kaɗa a DCSA, hukumar da ke binciken masu kiliyarans. In abu ya taso ka riga su, ka je ka gaya wa jami'in tsaron kamfaninku da bakinka. Kuma ka gaya wa kamfanin tun yanzu akwai 'yar matsala, don kiliyarans na wucin gadin da ake bayarwa kafin a gama bincike zai iya ƙin fitowa, kar su ji daga sama. In aka kai ga hana mutum gaba ɗaya sai ya jira shekara guda kafin a sake nema masa, ka ga gara a yi ta daidai tun farko.

Abba Baltimore: Na gode ƙwarai Kawu, Anti, Yaya Injiniya, Malam, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na sauko da ripot ɗina na kamfanonin kiredit ripot Equifax da Experian da TransUnion, sai ga wani bil ɗin intanet dala 190 na tsohon gidan da na tashi wanda ban ma san da shi ba, na biya shi nan take na ajiye rasit. Asibitin sun yarda da dala 100 duk wata. Masu kad sun ce in ba su 3,500 a rufe magana, na ce su turo a rubuce. Na motar ne na kira sau biyu ana ta haɗa ni da wani ana katsewa, ashe ma sun sayar da bashin ga wani kamfanin daban. Fom ɗin kwana shida ya rage min in tura, a gurbin bayanin na motar me zan rubuta tunda ba mu kai ga yarjejeniya ba?

Maman Ilham: Ka rubuta yadda ka faɗa mana nan, ranar da ka kira da wanda ka samu da abin da aka ce maka. Ka kuma aika wa sabon kamfanin wasiƙa ta gidan waya irin wadda ake sa hannu in an karɓa, ka riƙe 'yar koriyar takardar da za ta dawo maka. Ka sayi fayil mai aljihu-aljihu tun yau, kowane bashi da aljihunsa. Nawa yana nan har yanzu, in kuka shigo Laurel ranar Asabar kai da maman Ihsan sai in nuna maka yadda na jera shi.